Paul Robeson: Mai Murya da Mai Almakashi

Sanin kowa ne cewa baiwa daga Allah take, amma sarrafa ta aikin mutane ne, kuma sau da yawa wanda aka ba baiwar ba shi ke yanke hukuncin inda za ta dosa ba. Tarihin Paul Robeson, baƙar fatan Amurka da ya yi fice a waƙa da wasan kwaikwayo, ya isa hujja a kan wannan batu.

An haife shi a 1898, mahaifinsa kuwa bawa ne da ya tsere ya zama malamin coci. Ya kammala Jami'ar Rutgers a 1919 a sahun gaba, ya yi karatun lauya a Jami'ar Columbia, amma wariyar launin fata ta sa ya ajiye aikin ya koma dandali. Wasan Show Boat da aka yi a Landan a 1928 shi ya kai muryarsa ko'ina a duniya. Daga 1943 zuwa 1944 ya fito a matsayin Othello a dandalin Broadway na New York har sau 296.

Abin da ya fi shafarmu shi ne fim ɗin Sanders of the River na 1935, wanda aka gina labarinsa a Nijeriya ta zamanin mulkin mallaka. Robeson ya karɓi matsayin wani sarki mai suna Bosambo da kyakkyawar niyya. A lokacin yana nazarin Suwahili da ilimin furuci a makarantar da ake kira SOAS a yau, kuma ya ɗauka fim ɗin zai nuna wa Turawa martabar al'adun Afirka. Har Jomo Kenyatta, wanda daga baya ya shugabanci Kenya, ya ɗan fito a ciki. Sai dai da aka gama ɗauka aka shiga ɗakin tacewa, labari ya sha bamban. Abin da ya fito wa 'yan kallo shi ne kirarin mulkin Birtaniya, da sarki baƙar fata mai yi wa jami'in Bature biyayya. Robeson ya nesanta kansa da fim ɗin, amma aikin gama ya gama.

Darasin da ya ɗauka shi ne na neman iko. Kafin ya fito a Song of Freedom a 1936, sai da ya gindaya sharaɗin cewa da yardarsa za a yi tacewar ƙarshe. Bayan Tales of Manhattan na 1942 kuwa, ya daina fitowa a finafinan Hollywood saboda yadda suke ƙasƙantar da baƙar fata. Hatta baitocin waƙarsa ta Show Boat ya riƙa sauya su a tarukansa, ya mai da kukan sallamawa ya zama kiran jajircewa.

Wannan tsayuwa ba ta zo masa a banza ba. A 1950 kamfanin NBC ya soke fitowarsa a shirin talabijin na Eleanor Roosevelt, gwamnati kuma ta ƙwace fasfonsa saboda ra'ayinsa na gurguzu, ba a mayar masa ba sai 1958. A tsakanin nan, a 1957, ta wayar tarho ya rera wa masoyansa na Landan waƙa. Talabijin ɗin da ta rufe masa ƙofa ita ce ta karrama Harry Belafonte, wanda ya ɗauke shi uban gida, da kyautar Emmy a 1960.

Ba ma cewa Robeson ba shi da aibu. Ya karɓi kyautar zaman lafiya ta Stalin ta 1952, kuma ya kame bakinsa game da zaluncin Tarayyar Sobiyat alhali yana tona na Amurka. Wannan ma gargaɗi ne: wanda ya kuɓuta daga almakashin ɗan kasuwa yana iya faɗawa hannun na ɗan siyasa.

Saboda haka muke jan hankalin 'yan wasa da mawaƙanmu na Hausa, waɗanda kamfanonin waje da 'yan siyasa ke zawarci. Kafin a tambayi nawa za a biya, a tambayi wa ke riƙe da labarin, wa zai tace, wa zai fassara maganar Bahaushe zuwa wani harshe, domin fassara kanta almakashi ce. Ya kamata ƙungiyoyinsu su sa lauyoyi su duba kowace yarjejeniya, masu hannu da shuni kuma su zuba jari a rubutu da tacewa, ba a jaruman gaban kyamara kaɗai ba.

Robeson ya rasu a 1976, amma har yau ana kallon Bosambo. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. To, hoto ya fi ta wuyar mayarwa.