Shawara Ga Iyali: Hannun Akawu Shi Ne Gonarsa

Wata 'yar'uwa mai buga takardu a ofis ta rubuto mana, ta ce wuyan hannunta yana ciwo, da dare kuwa babban yatsa da manuni sukan mutu har barci ya gagara. Da hannun nan take ciyad da 'ya'yanta. Tana tambaya, wane irin kibod, wato allon madannai na kwamfuta, za ta saya wanda ba zai cinye albashinta ba?

Mu da muka koyi aiki da keken rubutu mun san wannan ciwo. Jerin haruffan da muke bugawa gado ne daga keken Remington da aka fara sayarwa a Amurka a 1874. Miƙaƙƙen allo yakan matse hannuwa wuri ɗaya, wuyan hannu ya yini a tanƙware. Saboda haka a fara duban siffa. A nemi wanda aka raba haruffansa gida biyu, na dama da na hagu, kowane ya fuskanci hannunsa. Kamfanin Microsoft ya fito da irin wannan tun 1994.

Na biyu, a dubi abin da ke ƙarƙashin madannan. Na araha shimfiɗar roba ce, sai an danna har ƙasa. Wanda ake kira makanikal kuwa, kowane madanni da nasa makunni da ɗan sifirin, harafi yakan fito tun yatsa yana rabin hanya. Kamfanin Cherry na Jamus ne ya yi suna da su. Bayan haƙƙin ƙirarsa ya ƙare, kamfanonin Sin irin su Gateron da Kailh suka yawaita su, kuɗinsu ya sauko. Makunni shuɗi yana da ƙara, zai dami abokan aiki. Ja yana da laushi. Mai ruwan ƙasa shi ne tsaka-tsaki, shi muka fi so domin ofis.

Kada a ɓad da kuɗi a kan fitilu masu launi. Mai waya ya fi araha, ba ya kuma bukatar caji. In na hannu ne za a saya, a gwada kowane harafi kafin a biya. Wanda ake iya cire makunninsa ya fi, gama in ɗaya ya mutu, shi kaɗai za a sake. A rufe shi da ƙyalle lokacin hunturu saboda ƙura.

Akwai kuma magani na kyauta. A daidaita kujera har gwiwar hannu ta yi daidai da tebur, a kwantad da ƙafafun bayan allon, a riƙa ɗan hutawa a miƙe yatsu. Amma ke 'yar'uwa, tun da yatsu sun fara mutuwa, ki je asibiti likita ya duba ki. Kibod ba zai maye gurbin likita ba.

Ku dattawan ikkilisiya da masu ofis, hannun da ke buga muku wasiƙu da rahoton kuɗi, amana ce. Jikinmu haikali ne na Ruhu Mai Tsarki. In kuna zaman kasafin kuɗi, ku tuna da akawunku. Ubangiji ya albarkaci aikin hannuwanmu. Sai wata mai zuwa.