Allo Ɗaya, Aiki Biyu: Kafin Ku Kashe Kuɗin Kaka

 Yanzu da aka fara yankan shinkafa a fadamun Haɗejiya, mun san da yawa daga cikinku a Kaugama da kewaye kun ɗan tara abin da kuka samu a aikin gona. Wani ya gaji PS3 ko PS4 daga yayansa, ga kuma tsohuwar kwamfuta a gida, amma kuɗin allo ɗaya kawai gare shi. Wanne zai saya: talabijin ko monita?

Mu dai shawararmu monita ce, ga kuma dalili. Ido yana son babban abu, shi ya sa talabijin mai inci 32 ke ɗaukar hankali a shago. Sai dai mafi yawan masu arha a cikinsu ɗigon hotonsu 1366 ne a kwance, 768 a tsaye, wato kimanin ɗigo miliyan ɗaya. Monita mai inci 22 ko 24 da aka rubuta wa 1080p tana da 1920 da 1080, sama da miliyan biyu a fili mafi ƙanƙanta. Wajen buga ƙwallo daga nesa ba lalle ku lura ba. Amma ku zauna kusa ku karanta rubutu na awa guda, idanunku za su ba ku labari.

Karatun kuwa shi ne babba. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Duk mai burin Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa ko Bayero ta Kano, sai ya zauna gaban monita da linzami yana tsere da agogo. Wanda ya saba da wannan zama a gida ya rage wa kansa rabin tsoro. Wannan ce hujjar da za ku kai wa Baba, kuma ku cika alkawari: karatu da farko, gem daga baya.

Idan kun shiga shago, ku fara da juya allon ku duba bayansa. Dole ya kasance da ramin HDMI, domin PS4 ba ta da wata hanyar fitar da hoto sai ita. Tsofaffin monitoci da yawa VGA kaɗai gare su, ramin nan mai launin shuɗi, shi kuma ba ya ɗaukar sauti. Idan ramukan biyu ne, madalla, ba sai kun riƙa cire waya kullum ba. Mai PS2 ya sani cewa wayarta ta asali mai kai uku ce, ja da fari da rawaya, kuma yawancin monitoci ba sa karɓarta. Shi kam talabijin ya fi masa sauƙi.

Sai sauti. Monitoci da yawa ba su da lasifika, don haka ku nemi mai ramin abin sauraro na kunne. Masu PS4 sun huta, akwai wannan ramin a jikin abin riƙon hannunta.

Kada mai shago ya ruɗe ku da 144Hz ko 4K. PS3 da PS4 ta asali ba sa ba ku fiye da 1080p da 60Hz a wasa, kuɗin da kuka ƙara ya tafi a banza.

Ku kuma tuna da halin wutarmu. Ƙaramin allo ya fi ƙarancin cin wuta, batirin sola zai fi daɗewa da shi. Ku karanta takardar da ke manne a baya don ganin watt nawa yake ci, ku kuma tabbata cajar da aka ba ku ta yi daidai da abin da aka rubuta.

In na hannu za ku saya, a Haɗejiya ne ko a titin Beirut na Kano, ku je da babba, ku je da na'urarku. A kunna a gabanku. Ku buɗe farin shafi, sannan baƙi, ku nemi layi ko ɗigon da ba ya canja launi. Ku bar shi a kunne minti goma, ku karɓi rasit da alkawarin canji. Mai kaya da ya ƙi gwaji, ku yi masa sallama. Gani ya kori ji.

A gida kuma ku ɗora shi a wuri mai tudu, nesa da danshin damina, ku rufe shi da ƙyalle saboda ƙurar hunturu.

Allah Ya sa albarka a gumin da kuka yi. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.