Mu Yi Gayyar Bincike, Mu Daina Sayen Kundi



Tun da aka buɗe Jami'ar Tarayya ta Gusau a 2013, masu digiri sun ƙaru a Tsafe, masu neman digiri na biyu ma haka. Amma mu faɗa wa juna gaskiya: wasunmu suna kai babi na huɗu ba su iya tsara takardar tambayoyi ba. Sai a biya mai shagon kwamfuta ya sarrafa alƙaluma a SPSS. Ranar kare kundi, malami ya tambayi dalilin zaɓen ma'aunin, sai zufa.

Ɓoye-ɓoye ne ya jawo mana wannan. Kowa ya rufe aikinsa wai kada a sace masa maudu'i. Wa aka taɓa ƙwace wa gona don ya kira gayya?

Malami guda mai duba tarin ɗalibai ba zai zauna da kai kullum ba. To, ku haɗu ku biyar duk Asabar. Ɗaya ya gabatar da babinsa, huɗu su tsare shi da tambayoyi kamar kwamitin jarrabawa. Mai lissafi ya koyar da alƙaluma, mai Turanci ya duba rubutu. Haka gardawa ke musaffa, wani na kama gyaran wani.

Za a ce malalata za su laɓe a bayan masu ƙoƙari. Maganinsu ƙa'ida ce: wanda bai kawo shafinsa ba, ba shi da wurin zama. Kuma kowa shi zai rubuta nasa.

Wanda ya sayi kundi yau, gobe shi zai duba na 'ya'yanmu. Allah Ya sa mu gyara.