Asisat Oshoala: Rigar Muka Gani, Ba Ƙwallon Ba

Ka tuna ranar da Super Falcons suka doke Ostireliya da ci 3-2 a gasar cin kofin duniya ta 2023? Asisat Oshoala ta taso daga benci, ta jefa ƙwallo ta uku, ta cire riga don murna. Kafin a tashi wasan Facebook ya rikice, wannan na tsinuwa, wancan na wa'azi. Ni ma dai cire rigar bai yi min daɗi ba. Amma tsakaninka da Allah, me ka sani game da ita bayan wannan hoton?

Yarinya ce daga Ikorodu wadda iyayenta ba su so ta buga ƙwallo ba. Daga FC Robo da Rivers Angels ta tafi Liverpool a 2015, sai Arsenal, sai China, sai Barcelona, inda a 2021 ta zama 'yar Afirka ta farko da ta ɗauki kofin zakarun Turai na mata. Sau shida ana zaɓenta gwarzuwar 'yar ƙwallon Afirka. Eto'o da Yaya Toure da muke ta kurantawa, huɗu-huɗu suka tsaya fa.

A 2016 kuwa, bayan Falcons sun ɗauko kofin Afirka a Kamaru, sai da suka ƙi barin otal a Abuja, har da zanga-zanga, kafin a biya su haƙƙinsu. A 2022 a Maroko suka ƙaurace wa atisaye, duk dai kan kuɗin alawus. Wannan karon kana da waya, kana da data. Koma shafinka ka duba, layi nawa ka rubuta a kai?