Waiwaye: Igiyar Malamin Gona

Da yawanmu a Ikara da Makarfi da Kudan ba mu manta malamin gona na hukumar gona ta KADP ba, bisa babur, da igiya mai ƙulli-ƙulli ɗaure a baya. Bayan shirin noma na Sasakawa ya shigo Najeriya a 1992, da irin wannan igiya aka koya mana shuka masara ƙwaya ɗaya a rami, tazarar santimita 25, a kuma binne taki maimakon a watsa.

Samarinmu nan da nan suka karɓi igiyar. Dattawa kuwa ba su musa ba, ba su kuma amsa ba. "To, malam, Allah ya kai mu kaka," iyakar abin da za ka ji ke nan. Mutumin da ya shekara arba'in yana zuba ƙwaya uku don gudun ɓera da tsuntsu, jawabi ba ya sauya masa hannu. Sai da suka shiga gonar gwaji, suka ɓare goyon masarar, suka ƙirga buhuna a masussuka, sannan suka aika 'ya'yansu aron igiya. Gani ya kori ji.

Yau in an kira bita, a ɗakin taro ake yin ta, saurayi kuma ya fara da tambayar takardar shaida da kuɗin mota. Ban ga laifinsa ba. Yaron da ba shi da gona ba shi da jari, ina zai kai abin da aka koya masa?

Waɗanda muka fi mancewa su ne iyayenmu mata. Su ke surfe da niƙa da matsar man gyaɗa, amma darasin bakin gona ba ya ƙetare zaure. Sai a ƙarshen shekarun 1980 aka buɗe sashen mata a hukumomin gona, malama ta fara sallama har tsakar gida bayan azahar, an sauke tukunya. Ta jiƙa waken soya, a niƙa, a tace, a tafasa, ta zuba ruwan tsami, madarar ta kama. "Inna, taɓa ki ji." Uwargida ta taɓa, ta ɗanɗana, ta tambayi nawa mudu zai fitar, amarya tuni ta lissafa ribar farantin awara. A wurinsu koyon ya yi amfani domin washegari ya zama kuɗin cefane.

Yanzu sai a ce mace ta bar girki da goyo ta hau mota zuwa Hunƙuyi ko Zariya da hantsi, in ba ta je ba a rubuta cewa mata ba sa son horo. Ba a tambaye ta lokacin da ta ke da sarari ba, ba a kuma tura mata malama ba.