Cutar ƙaurace wa abinci: Yadda take shiga tsakanin mace da danginta

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 14 ne ke fama da cututtukan da suka shafi ɗabi'ar cin abinci, ciki har da yara da matasa kusan miliyan 3. Mafi haɗari a cikinsu ita ce anoreksiya, wadda ta fi kama mata, inda tsoron ƙiba ke hana mace ci har ta rame.

Sai dai matsalar ba ta tsaya a kwanon abinci ba. Masana a King's College da ke Landan, ciki har da Farfesa Kate Tchanturia, sun lura cewa da yawa daga masu lalurar kan sha wuya wajen gane abin da fuskar wani ke nunawa. An ga haka a gwajin da Simon Baron-Cohen ya sabunta a 2001, mai ɗauke da hotunan idanu 36. Su ma nasu fuskokin ba sa bayyana farin ciki sosai.

Nan gizo ke saƙa. Damuwar uwa kan zama tsawa a idon 'yarta, shirun 'yar kuma a ɗauke shi miskilanci. Kowa sai ya ja baya, kaɗaici ya ƙara wa cutar ƙarfi.

Shi ya sa asibitin Maudsley ke haɗa gyaran abinci da koyar da fahimtar motsin rai. Faɗa ba ya warkar da wannan cuta; likitan ƙwaƙwalwa take buƙata da wuri.