Lanolin: Kaki ne, ba Kitse ba

Mai duba jerin sinadaran da ke jikin kwalabar man shafawa ko man leɓe yakan ci karo da kalmar lanolin. Wani maiƙo ne da fatar tunkiya ke fitarwa don kare ulunta daga ruwa. Bayan an aske tumakin, sai a wanke ulun da ruwan zafi, a tace maiƙon, a tsarkake shi. A Jamus aka laƙaba masa wannan suna a 1882, daga kalmomin Latin biyu masu nufin ulu da mai. Amfaninsa shi ne tausasa fata da hana ta bushewa, shi ya sa mata masu shayarwa ke shafa shi idan kan nono ya tsage.

Tumakin ƙasar Hausa, wato Uda da Balami da 'Yankasa, gashi gare su, ba ulu ba, don haka ba mu gaji sunan wannan abu ba. Mai fassara na iya bin tsohon sunansa na littattafan haɗa magunguna, ya ce "kitsen ulu". A ganina wannan kuskure ne.

Ta fuskar kimiyya, ginin lanolin irin na kakin zuma ne, ya bambanta da na kitse ko man kaɗanya. Ta fuskar al'ada kuwa, Bahaushe ba ya samun kitse sai an yanka dabba. Da zarar ya ji kalmar, zai tambayi wanda ya yi yankan da yadda aka yi shi, alhali tunkiyar tana nan da ranta tana kiwo.

Na fi son "kakin ulu". Za a ce kaki yana kuma nufin tufar soja, to amma "kakin zuma" bai taɓa rikita kowa ba.

Barin kalmar yadda take ma bai wadatar ba. Lanolin yakan jawo wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje, musamman masu fatar da ta riga ta yi rauni. Wanda likita ya ce ya guje shi yana bukatar sunan da zai gane, ya kuma riƙe. Ya kamata sassan nazarin Hausa su zauna da masana haɗa magunguna su tsayar da suna ɗaya, a riƙa rubuta shi tare da lanolin a takardun wayar da kai.